Kafin Farfela Ta Juya: Darasin Da Na Koyo Daga Matuƙan Jirgin Sama

 Yau ba maganar kunun yaye ko rigakafin ƙyanda na zo miki da ita ba. Maganar jirgin sama ce, amma ki daure ki bi ni har ƙarshe, don a tsakar gidanki za ta sauka.

Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, da ke aure a Rogo. Ta haura shekara sittin, iyakar tafiyarta Kano da Zariya. Cikin hunturun bara aka bugo waya daga Jalingo cewa autarta ta haihu, amma sai da aka yi mata aiki, ta zubar da jini da yawa, kuma ba ta kiran kowa sai mahaifiyarta. Mijin ya turo kuɗin jirgi, aka ce ni zan raka ta tunda ni ce ma'aikaciyar jinyar gidan. Muka bar Rogo da asuba, muka bi ta Zariya zuwa Kaduna, muka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, muka kwana gidan 'yan uwa.

Washegari hazo ya sa aka jinkirta tashinmu kusan awa biyu. Da aka kira mu, motar filin jirgi ta sauke mu gaban wani jirgi madaidaici mai farfela biyu, ɗaya a kowane fiffike. Goggo ta ja ta tsaya, ta riƙe mini mayafi.

"Ke 'yar nan, wannan mai fankar za mu shiga? Ji yadda yake ruri, fankar kuma ko motsi ba ta yi. Ga shi an tokare masa gindi da ƙarfe kamar tsohuwar rumfa. Wancan kuma me yake nema a wajen taya? Ba dai lalacewa ya yi ba?"

Na ce, "Goggo, ki yi addu'a kawai, lafiya lau ne." Amma ni ma ban san amsar ba, kuma na san abin da ke ranta. Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Kano bai manta ranar 4 ga Mayun 2002 ba, ranar da jirgi ya faɗa kan gidajen mutane a Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa, aka rasa rayuka sama da 100. Goggo ta shiga jirgin nan ne don 'yarta kawai, carbinta bai huta ba har muka sauka.

Na baro ta a can za ta yi arba'in. Da na dawo na nemi wani ƙanina, ɗan maƙwabtanmu a Karaye, wanda yanzu mataimakin matuƙi ne a irin wannan jirgi. Ranar da ya zo gaida mahaifiyarsa na tsare shi da tambayoyin Goggo tun daga azahar har magariba. Ga abin da na samo.

Mai fanka ba tsohon yayi ba ne

Yawancinmu muna ɗauka jirgi mai farfela tsohon yayi ne, marar farfela shi ne na zamani. Ba haka abin yake ba. Abin da ke bayan farfelar nan injin jet ne, dangin wanda ke kai alhazai Jidda. Yana zuƙar iska ya matse ta, a fesa mata mai, a kunna wuta. Iskar mai zafi ta fita da ƙarfi, ta juya wasu faya-fayan ƙarfe, su kuma su juya sanda. A nan sai aka haɗa sandar da akwatin giya, wanda ke rage saurin juyawar kafin ya miƙa wa farfela. A jirgin ATR, farfela na juyawa sau 1,200 a minti ɗaya lokacin tashi. Man da yake sha kuwa ɗan uwan kananzir ne da aka tace sosai, ana kiransa Jet A-1.

Ana ƙera irin waɗannan jirage har gobe, saboda a gajeriyar tafiya sun fi ƙarancin shan mai, kuma suna iya sauka a gajeren titi. Kamfanin ATR haɗin gwiwar Faransa da Italiya ne, an kafa shi a 1981. Ƙaraminsa, ATR 42, yana ɗaukar mutum kusan 48, babban kuma, ATR 72, kusan 70, yana gudun kilomita 500 a awa ɗaya. Akwai kuma Dash 8 ƙirar Kanada. A nan Najeriya, Overland Airways da Green Africa sun yi aiki da ATR, Arik Air da Aero Contractors kuma da Dash 8. Ita farfela ma ba baƙuwarmu ba ce: jiragen da suka fara sauka a Najeriya, a Kano suka sauka cikin Nuwamban 1925, guda uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar, kuma dukkansu masu farfela ne, sai dai injinsu irin na da ne.

Aikin yana farawa tun kina hanya

Kina cikin mota kina fargabar kada ki makara, su matuƙa sun riga sun iso. Sukan fara da duba rahoton yanayi na inda za su tashi, da inda za su sauka, da wani filin na daban da za su nufa idan na farko ya ƙi. Sai lissafin mai: na tafiya, da na zuwa wancan filin na biyu, da ƙarin na shawagin minti 30 wanda doka ta ce a ajiye. Sai littafin jirgin, inda matuƙan da suka sauka da shi suka rubuta duk wata matsala, injiniyoyi kuma suka sa hannu a kan abin da suka gyara. Da na ji wannan na yi dariya, don haka muke karɓar aiki a asibiti: ba ki taɓa majinyaci sai kin karanta abin da mai aikin dare ta rubuta.

Mutumin da Goggo ta gani a wajen taya kuwa ɗaya daga cikin matuƙan ne. Kafin kowane tashi, ko sau shida jirgin ya tashi a ranar, sai ɗayansu ya zagaye shi da ƙafa. Yana duba taya da birki, yana duba ko mai na ɗiga, yana duba fikafikan farfela ko tsakuwa ta yi musu tsaga, yana leƙa bakin inji ko tsuntsu ya shiga.

Akwai wasu 'yan bututu a hancin jirgi, ba su fi yatsa kauri ba, da su ake auna gudunsa. Idan jirgi zai kwana akan rufe musu baki, a rataya jan ƙyalle don kada a manta. Kin san zanzaro da son rami, yadda yake cika hancin buta da laka idan an ajiye ta kwana biyu. A watan Fabrairun 1996 wani babban jirgi ya faɗa teku bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Masu bincike sun gano ɗaya daga cikin bututun nan ne ya toshe, kuma sun fi zargin gidan zanzaro, don jirgin ya yi makonni a ajiye ba a rufe su ba. Saboda irin wannan ne ba a raina zagayen nan.

Ɗaya na karantawa, ɗaya na amsawa

Na tambaye shi ko ya haddace duk maɓallan da ke gabansa. Ya ce ya haddace su har cikin barci, amma ba a yarda ya dogara da haddar ba. Suna da takarda da aka jera abubuwan dubawa ɗaya bayan ɗaya, mu kira ta takardar bi-da-bi. Ɗaya ya karanta layi da ƙarfi, ɗayan ya kalli abin da idonsa, ya amsa da ƙarfi. Birki, an ja. Ƙofofi, an rufe. Mai, kilo kaza. Idan aka katse su a tsakiya, ko da gaisuwa ce, ba sa cewa ai mun wuce nan. Sukan koma baya su sake.

Wannan takarda da jini aka saye ta. Ranar 30 ga Oktoban 1935, a garin Dayton na Amurka, ana gwajin wani sabon jirgin Boeing mai inji huɗu. Matuƙin, Manjo Ployer Hill, yana cikin ƙwararrun da sojan ƙasar ke ji da su. Jirgin ya tashi, ya ɗaga hanci sama, ya faɗo ya kama da wuta, mutum biyu suka rasu har da shi. Da aka bincika, ba abin da ya lalace. Akwai wani makulli da ake sa wa sassan da ke juya jirgi don kada iska ta riƙa kaɗa su yana ajiye, shi aka manta ba a cire ba. Daga nan abokan aikinsa suka fahimci cewa abin ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya komai gwanintarsa, suka rubuta jerin abubuwan dubawa a kan ɗan kati.

Har yau jirgin ATR yana da irin wannan makulli, kuma yana cikin takardar. Bayan haka an ƙera shi ta yadda idan ba a cire shi ba, hannun ƙara wuta ba zai turu gaba ba. Wato an yi wa mantuwa shinge biyu.

Daƙiƙa talatin ɗin da ba a ƙifta ido

Yanzu ga tayar da injin kansa. Idan kin taɓa ganin manoman rani a bakin dam ɗin Challawa suna tayar da injin ban ruwa, kin san akwai tsari: a duba baƙin mai, a ɗura ruwa a famfo, sannan a ja igiya. Wanda ya tsallake ɗaya ya ƙona inji. Na jirgi ma haka ne, sai dai kuskurensa ya fi tsada.

Da farko a kunna batir, a gwada na'urar da ke sanar da gobara a kowane inji, a kunna famfon mai. A nemi izini daga hasumiyar filin jirgi. A kunna jar fitilar nan mai walƙiya a jikin jirgi, wadda ke gaya wa ma'aikatan ƙasa su ja da baya. Akwai mutum a tsaye a gaban jirgi, shi zai tabbatar babu kowa kuma babu komai kusa da inji, ya ba da alama da hannu.

Sai a danna maɓallin tayarwa. Sitata, wato ƙaramin injin lantarki, ya fara juya cikin injin babu mai ko ɗigo, iska kawai ke ratsawa. Matuƙi na kallon agogon da ke nuna saurin juyawar. Sai ya kai kashi 10 cikin 100 sannan a tura hannun da ke buɗe mai. Dalili shi ne, idan aka zuba mai kafin isasshiyar iska ta fara wucewa, wutar za ta taru wuri ɗaya ta cinye cikin injin, kamar ki tuttula kananzir a murhun da ba ya samun iska.

Cikin daƙiƙa 10 dole wuta ta kama. Daga nan idanu huɗu suna kan agogon zafi, hannun matuƙi kuma bai bar hannun man ba. Zafin yakan haura da sauri, ya tsaya, ya dawo ƙasa. A injin ATR iyakar ƙarshe ita ce digiri 950 a ma'aunin Salshiyos, kuma ba a yarda ya wuce daƙiƙa 5 a wannan mataki ba. Idan allurar agogon ta doshi can da gudu, ko injin ya maƙale ya ƙi ƙara sauri, ko wutar ta ƙi kamawa, nan take a yanke mai. Ba a cewa bari mu ga ko zai gyaru. Raunin batir kaɗai yana iya jawo haka. Idan komai ya tafi daidai, da juyawar ta kai kashi 45 sitata zai saki, injin ya ci gaba da kansa, a duba ƙarfin baƙin mai ya hau. Duka-duka abin bai fi rabin minti ba.

Ƙanin nawa ya ce ranar da ya fara yin wannan a jirgi na gaske, da fasinjoji a bayansa, tafin hannunsa sai da ya jiƙe, duk da ya yi shi ba adadi a na'urar kwaikwayon tuƙi. Yanzu ya yi ɗaruruwa, amma kyaftin ɗin da ya horar da shi ya gargaɗe shi cewa ranar da ya ji abin ya zama wasa, ranar ce ya kamata ya fi jin tsoro.

Amsar tambayoyin Goggo

Rurin da ta ji farfela na tsaye: manyan jirage suna da wani ƙaramin inji a wutsiya, kamar janareto, da ke ba da wuta da sanyi kafin a tashi. ATR ba shi da shi. Maimakon haka an sa wa farfelar dama birki, sai a tayar da injin dama a riƙe farfelar, ya riƙa ba da lantarki da iska mai sanyi yayin da fasinjoji ke shiga ta ƙofar hagu. Idan an rufe ƙofofi aka tabbatar babu kowa a kusa, a saki birkin, sannan a tayar da na hagu.

Ƙarfen da aka tokara a wutsiya: ATR 72 dogo ne, kaya a gaba ake zuba yawancinsu, mutane kuma ta baya suke shiga. Idan nauyi ya taru a baya kafin gaba ta cika, jirgin na iya ɗaga hanci ya zauna da gindi. Ƙarfen na hana haka, kuma cire shi yana cikin abubuwan da ake tabbatarwa kafin a motsa. Wannan lissafin nauyi ne kuma ke sa wani lokaci ma'aikaciyar jirgi ta roƙe ki ki koma wata kujera. Ba raini ba ne.

Jinkirin hazo: kowane filin jirgi yana da iyakar nisan da dole matuƙi ya iya hangowa kafin a yarda ya sauka. Idan ƙurar hunturu ta rufe garin da za ku, gara a jira a ƙasa. Haka zafin bazara: iska mai zafi ba ta da kauri, inji da fiffike ba sa samun abin kamawa sosai, don haka jirgin da ya ɗauki kaya kaza da asuba ba lalle ya iya ɗaukarsu da azahar ba. Idan aka matsa a kan awon jakarki, daga nan abin ya samo asali.

Na kuma yi masa tambayar da Goggo ta ji nauyin yi: idan inji ɗaya ya mutu fa? Ya ce ba a ba jirgin fasinja mai inji biyu lasisi sai an tabbatar zai iya ci gaba da hawa da guda ɗaya. Farfelar injin da ya mutu takan juya fikafikanta su fuskanci iska da kaifinsu, kamar ki riƙe faifai ta gefensa, don kada ta ja jirgin baya. Kafin kowane tashi matuƙan biyu sukan faɗa wa juna da baki abin da kowa zai yi idan hakan ta faru, kuma duk wata shida ana mayar da su na'urar kwaikwayo a kashe musu inji a ga yadda za su yi. Daga lokacin da jirgi ya fara motsi har ya haura ƙafa 10,000 kuma, an hana su duk wata hira da ba ta aiki ba.

Abin da ya fi tayar da inji wuya

Da na tambaye shi abin da ya fi ba shi wahala a aikin, na zaci zai ce lissafi ko Turanci. Sai ya ce, buɗe baki ya gaya wa babba ya tsaya.

Ki duba yadda muka taso. Yaro ba ya kallon idon babba, ba ya katse shi, ba ya ce masa ka yi kuskure. Tarbiyya ce mai kyau, da ita muke alfahari. To ga shi an zaunar da yaron nan kusa da kyaftin sa'an mahaifinsa, mai awa dubbai a sama, an ce masa aikinka ne ka sa masa ido. Ya ce wata rana suna gaggawar cike lokacin da suka ɓata, kyaftin ya kai hannu zai tayar da inji alhali akwai layi ɗaya da ba a karanta ba. Ya ji harshensa ya yi nauyi kamar dutse. Da ƙyar ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu gama takardar ba." Kyaftin ya janye hannu, suka koma suka karanta, bayan sun sauka ya yi masa godiya.

Masu harkar jirage sun koyi wannan ne bayan babban rashi. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, manyan jirage biyu suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Kyaftin ɗin da ya fara gudu ba tare da cikakken izini ba yana cikin manyan malaman kamfaninsa. Injiniyan da ke bayansa ya yi tambaya cikin shakka ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, ba wanda ya sake magana. Bayan wannan ne aka fara koyar da matuƙa darasi na musamman: ƙarami ya faɗi abin da ya gani a fili, babba kuma ya saurara. Ko a Janairun 2023, ATR 72 da ya faɗi a Pokhara ta ƙasar Nefal da mutum 72, bincike ya nuna babban matuƙin ne ya ja hannun da ba shi ya yi niyya ba, kuma ba a lura da wuri ba. Girma da daɗewa ba sa hana hannu kuskure.

Yana wannan bayani ni kuwa jikina ya yi sanyi, don na tuna wani dare a ɗakin yara na wani asibiti da na taɓa aiki. Ni kaɗai ce babba, gadaje sun cika, na kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Yara biyu masu suna ɗaya suna kwance a gadaje maƙwabta, ɗaya ta kusa ninka ɗayar nauyi. Na zuƙi allurar babbar na nufi ƙaramar. Wata ɗaliba da ba ta fi wata uku da fara zuwa ba ta ce da ni cikin rawar murya, "Sista, ki yi haƙuri, kamar ba wannan ba ce." Abin da na fara ji, Allah ya yafe mini, haushi ne. Sai na duba kati. Ita ce da gaskiya. Da yarinyar nan ta bi kunya ta yi shiru, ban san da wane ido zan kalli uwar da ke zaune a gefen gadon ba.

Aikin asibiti ma ya ari wannan dabara daga matuƙa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar bi-da-bi ta ɗakin tiyata mai layi 19. Aka gwada ta a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, har da ɗaya a Tanzaniya. Sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna mace-mace bayan aiki sun ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, matsaloli kuma daga kashi 11 zuwa 7. Cikin layukan akwai wanda ya ce kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara, don wanda ya buɗe baki sau ɗaya ya fi samun ƙarfin sake buɗewa idan ya ga ba daidai ba.

Idan ɗanki ko 'yarki ta ce tuƙin jirgi take so

Kada ki yi dariya. Daga Rogo, Zariya ta fi Kano kusa, kuma a Zariya Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama take tun 1964. Mace ta farko da ta samu lasisin tuƙin haya a Najeriya, Kyaftin Chinyere Kalu, a can ta yi karatu, ta kuma dawo ta shugabanci makarantar a 2011. Gwamnatin Kano ma ta taɓa tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi a zangon mulki na 2011 zuwa 2015. Akwai kuma hanyar soja ta makarantar NDA da ke Kaduna.

Ana neman sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da fiziks. Lasisin tuƙin haya yana buƙatar awa 150 zuwa 200 a sama, na zama kyaftin a jirgin fasinja awa 1,500. Bayan lasisi kuma sai an yi horo na musamman a kan irin jirgin da za a tuƙa, kuma kuɗin duka ba kaɗan ba ne, gara a sani tun da wuri a fara neman tallafi.

Ga inda naki hannun yake tun yanzu. Ana yi wa matuƙi gwajin lafiya mai tsanani, ana kuma maimaitawa aƙalla sau ɗaya a shekara: ido, kunne, zuciya, hawan jini, sukari. Tabarau ba ya hana tuƙi idan yana gyara gani. Amma kunnen da ya yi shekaru yana zubar da ruwa ana ɗiga masa man ja a gida, yana iya rufe wa yaro wannan ƙofa tun yana aji uku. Ki kai shi asibiti.

Ranar da za ki hau da yara kuwa, ki riƙe hannunsu gam daga mota har matakala, kada kowa ya bi ta ƙarƙashin fiffike ko kusa da farfela ko da tana tsaye. Ki ba jariri nono lokacin sauka, haɗiya na buɗe masa kunne. Mai tsohon ciki da mai sikila su ga likita kafin a sayi tikiti.

Abin da za ki shiga da shi gida

Ba kya tuƙa jirgi, amma kina ba da magani da ƙarfe biyun dare, ido rabi a rufe, yara biyu na zazzaɓi. Wannan ma wurin kuskure ne. Ki rubuta 'yar takarda ki liƙa a inda kike ajiye magani: sunan yaro, sunan magani, adadi, lokacin da aka ba shi na ƙarshe. Ki kunna fitila ki karanta kwalbar da baki kafin ki zuba, ko kin ba da shi sau ɗari. Idan maigida ko babbar 'yarki na kusa, ɗaya ya karanta ɗaya ya zuba. Idan aka kira ki a tsakiya, ki koma farko. Sauri ya haifi nawa.

Na biyu ya fi wuya. Ranar da 'yarki ta ce, "Umma, kamar kin riga kin ba shi ɗazu," ko ɗanki ya ce, "Umma, ba ki kashe gas ba," ki lura da abin da fuskarki za ta yi. Idan kika daka masa tsawa, kin koya masa ya yi shiru ranar da maganarsa za ta ceci rai. Ki duba tukuna. Idan shi ne da gaskiya ki ce Allah ya yi maka albarka. Idan ba shi ba ne ma ki ce ya kyauta da ya faɗa. Ladabi yana nan daram: ƙanin nan nawa da "ranka ya daɗe" ya fara, ɗalibata da "ki yi haƙuri". Abin da ake so shi ne maganar ta fito.

Kafin Goggo ta taso daga Jalingo, mai jego ta warware, na kira ta na kwashe duk wannan na gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, ashe duba shi suke yi. Allah ya ce tashi in taimake ka." Surukinta ya ce da suka isa filin jirgi ita ce ke nuna wa wata tsohuwa ƙarfen wutsiya tana ce mata kada ta damu, za a cire. Carbin dai bai bar hannunta ba har Abuja.

Ke fa uwargida, yaushe rabon da ɗanki ya gyara miki kuskure, kuma me kika ce masa?